Neman takardar kiɗan waƙar da ba ta yi suna ba: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya daɗe yana ƙirƙirar waƙoƙin pop yana da waɗanda duniya ta haddace, yana kuma da waɗanda sai masoyinsa na haƙiƙa ya san da zamansu: wadda aka sa a bayan faifai, wadda ya rubuta wa wani mawaƙi, kiɗan da ya yi wa fim ko wasan dandamali, ko wani dogon aiki na piyano da ya yi don kansa. Wannan shafi na wanda yake son buga irin waɗannan ne, shi kaɗai ko da ƙungiya, ya nemi rubutaccen kiɗan bai samu ba.

Waƙoƙinsa da suka yi tashe duk suna da takarda. Me ya sa wannan ba ta da ita?

Dalili na farko ciniki ne. Kafin takardar kiɗa ta fito sai an biya wanda zai saurari faifan ya rubuta notocin, an biya mai dubawa, an biya mai haƙƙin waƙar. Kamfani ba zai yi wannan ɗawainiya a kan waƙar da masu sayenta ba su taka kara sun karya ba.

Dalili na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne mutane da yawa ba su sani ba: mai yiwuwa ba a taɓa rubuta kiɗan ba tun asali. A kiɗan gargajiyar Turai takarda ce take zuwa farko, makaɗa su bi ta. A pop kuwa faifan ne asali, takarda daga baya take biyowa, in ta biyo. Irving Berlin, marubucin waƙoƙi na Amurka wanda ya bar ɗaruruwan waƙoƙi, yana da marubuta da suke zama kusa da shi suna rubuta abin da yake bugawa. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sha faɗa da bakinsa cewa ba ya karanta nota. Makaɗan situdiyo a birnin Nashville na Amurka tun ƙarshen shekarun 1950 suke aiki da wani tsari na lambobi, inda ake rubuta 1, 4, 5 a madadin sunayen kwad (wato notocin da ake bugawa tare a lokaci ɗaya), sauran kuma kowa ya cike da kunnensa da hannunsa. Idan aka gama ɗaukar waƙa, wannan 'yar takarda ba lallai wani ya adana ta ba.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ba “ina takardar take?” ba ce. Tambayar ita ce: an taɓa yin takardar kuwa, kuma a hannun wa za ta kasance?

To ta ina zan fara?

Ka fara da sanin wanda ya ƙirƙiri waƙar da kamfanin da ke riƙe da haƙƙinta. Kowace waƙa da ke faifai tana da haƙƙi biyu daban. Akwai haƙƙin sautin da aka ɗauka, wanda galibi yana hannun kamfanin faifai. Akwai kuma haƙƙin waƙar kanta, wato karinta da kalmominta, wanda yake hannun marubucin da kamfanin da ke kula masa da waƙoƙinsa. Na biyun ne ya shafe ka. Wasiƙar da ka aika wa kamfanin faifai kan takardar kiɗa yawanci ba ta zuwa ko'ina.

Ana samun wannan bayani kyauta. Ƙungiyoyin da ke karɓar wa marubuta kuɗin waƙoƙinsu suna da rumbunan bayanai da kowa zai iya bincikawa. A Amurka akwai ASCAP da BMI, waɗanda tun 2020 suka haɗa bayanansu a Songview. A Faransa akwai SACEM, wadda take aiki tun 1851. A Jamus GEMA. A Japan JASRAC. Ka rubuta sunan waƙar da na marubucin, za ka ga duk waɗanda suka sa hannu a rubuta ta, da kamfanin da ke kula da kason kowannensu. Ka kwafe lambar ISWC idan an nuna ta, wadda take farawa da harafin T sai lambobi goma. Waƙoƙi masu suna iri ɗaya suna da yawa ƙwarai, wannan lamba ce take raba gardama.

Kada ka raina ƙananan rubutun da ke jikin faifai ko cikin ɗan littafin CD. Shafukan intanet na Discogs da MusicBrainz suna da waɗannan bayanai, har da hotunan tsofaffin faifai. A nan za ka ga shekarar fitowa, da sunan kamfanin waƙar a wancan lokaci, da sunan wanda ya tsara kayan goge ko na busa. Wannan suna na ƙarshe zai yi maka amfani a gaba.

Sai abu ɗaya da ke rikita mutane: kamfanin da ke riƙe da waƙa sau da yawa ba shi ne yake buga takardunta ba. Yana ba wa wani kamfani izinin ɗab'i, irin su Hal Leonard ko Alfred Music a Amurka, ko Faber Music a Ingila. Kuma kundin waƙoƙin marubuci ɗaya kan sauya hannu sau da dama a tsawon shekaru, don haka sunan da ke kan faifan 1974 ba lallai shi ne mai haƙƙi a yau ba. Rumbun ƙungiyoyin nan shi ke nuna na yanzu.

Na duba Musicnotes da Sheet Music Plus, babu. Shi ke nan?

A'a. Waɗannan shaguna suna sayar da waƙa ɗaiɗai, kuma sun fi ɗauko waɗanda ake yawan nema. Waƙar da ba ta yi suna ba ta fi ɓuya a cikin littafi. A shekarun 1970 da 1980 an saba fitar da littafin kiɗa na albam sukutum, kowace waƙa a ciki, har da wadda rediyo bai taɓa sakawa ba. Don haka ka bincika da sunan albam, ba da sunan waƙa ba. Ka kuma gwada sunan wani mawaƙin da ya sake rera ta, domin takan fito a littafinsa alhali babu ita a na mai ita. Idan an taɓa rera ta da wani harshe, ka nemi sunanta a wannan harshen.

Ka leƙa kasuwar Japan. Kamfanoni irin su Shinko Music da Doremi sun daɗe suna fitar da littattafan da ake rubuta kowane kayan kiɗa a layinsa, gita da bes da ganga da piyano, na mawaƙan gida da na ƙasashen waje. Sau da yawa aikinsu ya fi na sauran wurare bin faifai sau da ƙafa. Notoci ba su da harshe, don haka rashin jin Japananci ba zai hana ka karantawa ba.

Na gano an taɓa buga littafin, amma an daina fitar da shi. Yaya zan yi?

Ka yi murna, domin rabin aikin ya ƙare. Ka rubuta cikakken sunan littafin, da kamfanin, da shekara, da lambar ISBN ko ISMN in akwai. Ta biyun lamba ce ta takardun kiɗa kaɗai, tana farawa da 979-0. Daga nan ka shiga WorldCat, wanda ya tattara jerin littattafan dubban ɗakunan karatu na duniya, ka ga inda kwafi yake. Ɗakunan karatu da yawa suna aron littafi daga juna, ma'aikacin ɗakin karatu zai gaya maka ko naku yana cikin tsarin. Wasu manyan ɗakuna, kamar British Library a Landan, doka ce ta wajabta a ba su kwafin abin da aka buga a ƙasarsu, shi ya sa ake samun abin da ya ɓace a kasuwa a wurinsu.

Masu sayar da tsofaffin littattafai a eBay da AbeBooks su ma hanya ce. Ka ajiye binciken ta yadda za a sanar da kai idan littafin ya fito, ka yi haƙuri. Mai nema yana tare da samu. Kafin ka biya, ka roƙi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton shafin jerin waƙoƙi, saboda bugu na biyu kan zubar da wasu waƙoƙin da ke na farko.

Wasu kamfanonin ɗab'i kuma suna da ma'ajiya, suna iya buga maka kwafi ɗaya mai izini na abin da suka daina fitarwa. Sai ka tambaya kafin ka sani.

An ce ana iya samun waƙar da ba a taɓa wallafa takardarta ba a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne ga tsofaffin waƙoƙi, kuma wannan ƙofa ce da 'yan kaɗan suke ƙwanƙwasawa. Ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909, wanda yake son yi wa waƙa rajista dole ya miƙa ta a rubuce, ba a karɓar faifai ko kaset. Sai daga 1 ga Janairu 1978, da sabuwar doka ta fara aiki, aka soma karɓar sauti. Ma'anar wannan ita ce waƙar da aka yi wa rajista a Amurka kafin 1978, ko da ba ta taɓa shiga shago ba, wani ya taɓa zama ya rubuta ta a takarda ya aika Washington.

Matakin farko shi ne samun lambar rajistar. Ofishin haƙƙin mallaka ya riƙa buga kundin rajista mai suna Catalog of Copyright Entries, kuma an ɗora hotunan shafukansa a Internet Archive. Rajistar 1978 zuwa yau tana shafin ofishin. Da lambar a hannu sai ka rubuta wa sashen kiɗa na ɗakin karatun ka tambaya ko takardar tana nan, don ba dukkansu aka adana ba.

Amma ka san abin da za ka tarar. Yawanci shafi ɗaya ne ko biyu: karin waƙar, kalmomi, da sunayen kwad a sama, wanda wani ma'aikacin kamfani ya rubuta da hannu. Buɗin piyanon da ya sa ka ƙaunaci waƙar mai yiwuwa babu shi a ciki. A shari'ar da aka yi da ƙungiyar Led Zeppelin, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke a 2020 cewa kariyar waƙar da aka yi wa rajista kafin 1978 ba tare da an wallafa takardarta ba, ba ta wuce abin da ke cikin irin wannan takarda ba, kuma takardar da ake gardama a kanta shafi ɗaya ce tak. Sannan gani daban, kwafa daban: ofishin ba ya ba da kwafin abin da ke ƙarƙashin kariya sai da rubutaccen izinin mai haƙƙi, ko don shari'a. Duk da haka, ga wanda yake son tabbatar da wata kalma da ba ta fita sosai a faifai, ko wani kwad da kunne ya kasa rarrabewa, wannan shafi yana da daraja.

Aikin da nake nema na babbar ƙungiyar makaɗa ne, ya yi shi don fim ko dandamali. Hanyar ɗaya ce?

Ta bambanta. Irin waɗannan ayyuka dole an rubuta su, tun da makaɗa arba'in ba za su buga da ka ba. Sai dai ba a cika sayar da takardunsu ba, haya ake bayarwa. Ƙungiya takan sanar da ranar wasa da girman zaure, a aiko mata da takardun kowane makaɗi, bayan wasa ta mayar. Wasannin dandamali masu waƙa suna hannun kamfanoni irin su Music Theatre International da Concord Theatricals. Ayyukan okestra kuma ana bincikarsu a Zinfonia, wanda ya haɗa jerin kayan haya na kamfanoni da yawa. Idan kai ɗaya ne kuma nazari kake so, ka tambaya ko suna ba da kwafin dubawa.

Kiɗan fim ya fi wuya, domin takardun galibi mallakar kamfanin fim ne, ba na wanda ya tsara ba. Wasu suna ma'ajiyar kamfanonin, wasu an ba jami'o'i tare da sauran takardun mai kiɗan bayan rasuwarsa, wasu kuwa sun salwanta. A 1969 kamfanin MGM ya zubar da tarin takardun kiɗan finafinansa. Da madugun makaɗa ɗan Ingila John Wilson ya so farfaɗo da su, sai da ya zauna yana sauraren finafinan yana sake rubuta notocin, yana dogara da 'yan taƙaitattun takardun da suka tsira, har aka buga su a bikin Proms na BBC a 2009. Idan babban kamfani irin wannan ya iya rasa kayansa, ba abin mamaki ba ne a rasa na ƙaramin fim.

Nan ne sunan mai tsarin nan da ka kwafa daga jikin faifai yake amfani. Masu tsara kayan goge da busa mutanen takarda ne, sun fi kowa adana aikinsu. Ka bincika sunansa tare da sunan jami'a ko ma'ajiya, sau da yawa akan dace.

Me zan rubuta wa kamfanin?

Gajeriyar wasiƙa, mai ɗauke da duk abin da ma'aikacin zai buƙata don kada ya sake tambayar ka. Sunan waƙa, marubuta, albam da shekara, lambar ISWC. Ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi: bugawa a gida, wasan makaranta, zauren da ake biyan kuɗin shiga, ɗauka a bidiyo. Ka faɗi kayan kiɗan da adadin kwafin da kake so, da ranar wasa. Sannan tambaya biyu a fili: akwai rubutacciyar takarda a hannunku? Idan babu, za ku ba ni izini in rubuta tawa?

Ka aika wa sashen izini ko na ɗab'i, ba adireshin tambayoyin jama'a ba. Ka fara da watanni kafin ranar wasa, saboda amsa kan ɗauki makonni. Shirun kamfani ba izini ba ne.

Na samu wani ya ɗora ta a MuseScore ko Ultimate Guitar. In amince?

Ka ɗauke ta a matsayin ra'ayin wani masoyi, ba maganar mai waƙa ba. Akwai masu kunnen kirki a waɗannan shafuka, akwai kuma masu gaggawa. Ga waƙar da ta shahara, masu gyara suna da yawa, kuskure ba ya daɗewa. Ga wadda ba ta shahara ba, mutum ɗaya ne ya rubuta, babu wanda ya duba.

Gwajin yana da sauƙi. Ka kunna faifan ka bi takardar da ido daga farko zuwa ƙarshe. Ka duba ko adadin gaɓoɓin (wato ƙananan sassan da aka raba kiɗan bisa yawan bugu) ya yi daidai, ko bes ɗin da ke takarda shi ne wanda kake ji. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauƙaƙa kwad: marubucin ya sa kwad mai nota huɗu ko biyar, ko ya ɗora shi a kan wata notar bes ta daban, mai kwafa ya rubuta na nota uku kawai. Waƙar za ta tafi, amma ɗanɗanon da ya sa ka zaɓe ta ya gudu.

Ta fuskar doka, manyan shafukan nan suna da yarjejeniya da kamfanonin waƙa da yawa, abin da ya zama dole bayan da matsin lambar kamfanoni ya rufe OLGA, tsohon rumbun kiɗan gita na intanet, a 2006. Ƙananan shafukan da ke raba hotunan littattafai kyauta ba su da wannan izini.

Takardar kamfani fa, ba ita ce daidai ba?

Ba kullum ba. Mafi yawan littattafan pop an tsara su ne don piyano da murya da gita, kuma al'adar ita ce a cusa karin waƙar a hannun dama na mai piyano, ko da a faifan piyanon wani abu daban yake yi. Waɗanda aka rubuta wa “mai sauƙi” an rage musu notoci, wani lokaci an sauya ki (wato matakin sautin da aka gina waƙar a kai) don a guje wa baƙaƙen maɓallan piyano. Idan abin da aka buga a faifai kake so, ka nemi bugun da ya ce an kwafo shi nota bayan nota daga faifan. Idan kuwa kai mai iya cike gurbi ne, takarda mai kari da kwad kawai ta ishe ka, ta ma fi ba ka sarari.

Babu takarda ko'ina. Zan iya rubutawa da kaina?

Za ka iya, kuma a ganina wannan ce hanyar da ta fi amfanar makaɗi, ko da ta fi cin lokaci. Wanda ya ciro waƙa da kunnensa ya san ta sanin da mai karanta takarda ba ya samu.

Kada ka fara da notoci. Ka fara da siffar waƙar: buɗi, baiti, amshi, mahaɗi, rufewa, kowanne gaɓa nawa. Ka zana gaɓoɓin babu komai a ciki. Da yawan waƙoƙin pop suna tafiya huɗu-huɗu ko takwas-takwas, amma gwanayen marubuta sukan saka gaɓa mai bugu biyu ko ƙarin gaɓa ɗaya a inda ba ka zata ba, kuma irin wannan ya fi yawa a ayyukansu da ba a yi don rediyo ba. Idan ka ƙirga ka ga bakwai, kada ka mayar da ita takwas.

Sai bes. Shi ne ginshiƙi. Idan ka samu notar ƙasa ta kowace gaɓa, kwad ya kusa bayyana kansa. Bayan bes sai kari, bayan kari sai abin da ke tsakiya, wanda shi ne mafi wuyar ji. Ka rera abin da ka ji da bakinka kafin ka neme shi a piyano. Abin da ba ka iya rerawa ba, ba ka ji shi sosai ba tukuna.

Manhajoji irin su Transcribe! da Amazing Slow Downer suna rage gudun waƙa ba tare da sauya sautinta ba, suna kuma maimaita daƙiƙa biyu ko uku sau nawa kake so. Audacity, wadda kyauta ce, tana yin wannan. Wata dabara mai amfani ita ce ka ɗaga sautin da okta ɗaya, wato tazarar nota takwas, bes ɗin da ya nutse sai ya fito fili.

Akwai tarko ɗaya a tsofaffin faifai. A zamanin tef, akan ƙara ko rage gudun na'ura don murya ta yi haske ko waƙa ta gajarta. Ƙarin gudu na kusan kashi 6 cikin 100 yana ɗaga sauti da rabin mataki, ƙasa da haka kuwa sai waƙar ta faɗa tsakanin ki biyu. Idan duk notar da ka taɓa ba ta zauna daidai ba, ba kunnenka ne ya samu matsala ba. Ka daidaita faifan a manhaja har ya hau kan ma'aunin da aka saba, inda notar A take kan 440 Hz. Haka nan idan waƙar gita ta fito a ki mai wuyar yatsu, ka yi zargin an ɗaura kafo (ɗan maƙalin da ake matse tsirkiyoyi da shi don ɗaga sauti) ko an sauya ɗaurin tsirkiya. Bidiyon wasan kai tsaye yana warware wannan, domin za ka ga hannun makaɗin.

Wajen rubutawa a kwamfuta, MuseScore Studio kyauta ce kuma ta wadatar. Sibelius da Dorico na masu sana'a ne. Ka ajiye kwafi a tsarin MusicXML, wanda kusan kowace manhajar nota take buɗewa. Masu amfani da Finale sun ga muhimmancin haka lokacin da aka daina sayar da ita a 2024.

Manhaja ba za ta yi mini duka aikin ba?

Za ta taimaka, ba za ta gama ba. Masu raba sauti irin su Spleeter da Deezer ta fitar a 2019, da Demucs, da Moises, suna ware murya da bes da ganga daga sauran, kuma wannan babban sauƙi ne ga kunne. Masu mayar da sauti nota, kamar Basic Pitch ta Spotify, suna ƙoƙari idan kayan kiɗa ɗaya ne. Idan aka haɗa piyano da gita da goge, sukan cika shafi da notocin da babu mai iya karantawa, tsawon kowace nota a karkace. Ka yi amfani da su wajen duba abin da ka ji.

In biya wani ya rubuta mini?

Idan lokaci ya ƙure, ƙwarai. Ka nemi samfurin aikinsa a irin kiɗan da kake so. Ka gaya masa ko kwafin faifai kake so daidai-wa-daida, ko tsari na kayan kiɗan da kake da su da matakin makaɗanka. Ku daidaita tun farko kan gyara sau nawa zai yi, ka kuma karɓi fayil da za ka iya sauyawa, ba PDF kaɗai ba. Biyan mai rubutu bai ba ka izinin mai waƙa ba, wannan magana ce daban.

Ina doka ta tsaya a duk wannan?

Kowace ƙasa da dokarta, amma tushen ɗaya ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashe suka shiga, a yadda take yanzu ta sa kariya ta kai aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci. Tarayyar Turai da wasu ƙasashe da dama sun kai ta 70. A Amurka, abin da aka wallafa kafin 1978 yana iya samun kariyar shekara 95 daga wallafawa, shi ya sa waƙoƙin 1929 ba su zama na kowa ba sai 1 ga Janairu 2025. Don haka kusan duk waƙar pop tana ƙarƙashin kariya, kuma ba za ka same ta a IMSLP ba, wanda rumbu ne na kiɗan da kariyarsa ta ƙare ko masu shi suka sake shi.

Rashin shaharar waƙa, ko daina buga littafinta, bai rage haƙƙin mai ita ba ko kaɗan. Ayyuka huɗu ne, kowanne da izininsa. Bugawa a gaban jama'a: galibi zauren ne ko mai shirya taro yake da lasisi daga ƙungiyar marubuta, ka tambaye su. Rubuta sabon tsari da raba kwafi ga makaɗa: izinin kamfanin waƙar. Ɗaukar sauti don fitarwa: lasisi daban. Haɗa waƙar da bidiyo, ko saka ta cikin wasan kwaikwayo: wannan ma daban, kuma kai tsaye ake neman sa wurin mai haƙƙi. YouTube yana da yarjejeniya da kamfanoni da yawa, wadda takan bar bidiyon ya zauna kuɗin talla ya tafi ga mai waƙa, amma mai haƙƙi yana da ikon sauke shi.

Wanda yake son sayar da tsarinsa ya duba ArrangeMe na Hal Leonard. Idan waƙar tana cikin jerin da suka samo wa izini, za ka ɗora tsarinka a sayar, a raba kuɗin da mai haƙƙi.

Na samu takardar amma ta yi wa muryata sama. In sauya ki?

Ka sauya, mawaƙa kullum suna yi. Shagunan intanet da yawa suna barin ka zaɓi ki kafin ka buga takardar. Ka dai saurari piyanon bayan sauyin, domin kwad da ya yi daɗi a tsakiya yakan dagule idan ya sauka ƙasa sosai, sai ka buɗa tazarar notocin hannun hagu. Idan akwai masu busa, ka tuna kakakin turampet da kilarinet na B-flat suna fitar da sauti mataki ɗaya ƙasa da abin da aka rubuta, don haka takardarsu sai an ɗaga ta da mataki ɗaya. Saksafon alto nasa ɗagawar ta fi haka nisa. Manhajar nota tana yin wannan lissafi da kanta idan ka zaɓi kayan kiɗan daidai.

Zan iya tuntuɓar mai waƙar kansa?

Za ka iya gwadawa, ta hannun manajansa ko adireshin da ke shafinsa na hukuma. Idan ya rasu, ta hannun masu kula da gadonsa. Marubucin da ake ta roƙonsa waƙa ɗaya tsawon shekaru yakan ji daɗi idan wani ya tambayi wadda aka manta. Ka rubuta da ladabi, a taƙaice, ka faɗi abin da ya ja ka ga aikin da inda za ka buga shi. Idan ka riga ka rubuta naka kwafin, ka haɗa da shi ka nuna gaɓoɓi biyu ko uku da kake shakka a kansu, tambaya ƙarama ta fi saurin samun amsa. Ka sani kuma mai yiwuwa ya sayar da haƙƙin tuntuni; a wannan hali fatan alherinsa abin farin ciki ne, amma takardar izini daga kamfanin za ta fito.